Taswirar Gurbin Ayu

Sallama gare ku masu bibiyata, da waɗanda yau ne suka fara cin karo da ni. Wata baiwar Allah ta rubuto mini wai na cika jan rai, in dai soyayya ce in fito in faɗi sunan mutumin kowa ya huta. To 'yar uwa, yau za ki ji sunansa. Za ki kuma ji abin da na yi wa mahaifina, wanda har yanzu ban yafe wa kaina ba.

Sunana Mashkura Usuman, shekarata ashirin da bakwai. Gidanmu yana Tungar Riskuwa, wata 'yar tungar masunta a bakin gulbin Kwara cikin ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin. Kusancin har ya yi yawa, don in kana tsakar gidanmu wayarka layin Benin take kamawa, ta riƙa turo maka saƙo da Faransanci. In kana son layin Najeriya sai ka hau tudun bayan masallaci ka tsaya ƙarƙashin giginya. Ni kuwa nan ne ofishina tun da na gama bautar ƙasa na dawo gida, shekara biyu ke nan.

Ilimin dabbobi na karanta a jami'a. Ranar da na dawo da takardata mata suka cika gidanmu, wata ta jawo akuyarta mai zawo wai in duba. Na ce ni ba likitar dabbobi ba ce, rayuwarsu na karanta, abin da suke ci da yadda suke haihuwa. Sai wata tsohuwa ta ce, "Shekara huɗu a birni don ki san mi kihi ka ci? Da kin tambayi ubanki." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma tun daga ranar ban sake samun wanda zan yi hirar karatuna da shi a tungarmu ba. Ƙawayen tasowata duk suna ɗakunansu, in na je hirar goyo ce da ta anko. 'Yan ajinmu kuma a waya kawai nake ganinsu, wannan ta samu aiki a Abuja, wancan ya wuce digiri na biyu. Sai in tura musu hoton tafi, in sauko daga tudu in je in taya Inna juya kifi a kan banda.

Mutum ɗaya ne yake saurarena, Zayyanu. Yana da shagon kwamfuta a cikin Bagudo, buga takardu da cike fom da hoton fasfo. Dogo ne, baƙi, ba ya rabo da farar shadda mai ɗinkin tazarce ko da tawadar firinta za ta ɓata masa hannun riga. Dakta yake ce mini tun ban san hanyar zama daktar ba. In na fara zuba a kan halittun ruwa, sai ya ture allon kwamfutarsa ya tallabe haɓa, alhali na san rabin abin ba ya ganewa. Ku faɗa mini, macen da ta shekara biyu tana magana da giginya, yaya za ta yi da irin wannan mutum? Na so shi, kuma ba zan ɓoye ba har gobe ina sonsa.

Shi ne ya turo mini sanarwar, wata Talata da hantsi.

"Dakta, duba wannan. Kamar don ke aka rubuta."

Gurbin karatun digiri na biyu ne, haɗin gwiwar wata jami'a a nan gida da wata a Benin, mutum uku kacal za a ɗauka. Binciken kuma a kan ayu ne. Ga wanda bai san shi ba, ayu dabba ce ta ruwa, ƙatuwa, ta fi saniya jiki, ciyawa take ci, tana shayar da ɗanta nono, ba ta cizo ba ta faɗa. Ta kusa ƙarewa a gulbinmu saboda namanta da kuma man jikinta da ake saye da tsada don magani. Hukuma ta hana kashe ta, amma wa ke gadin gulbi? Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sabuwar hanyar binciken. Ba kamawa, ba ko taɓawa. Za a nutsa wata 'yar na'ura cikin ruwa ta yi makonni tana naɗar kukansu, daga kukan a ƙidaya su. Sannan a ɗebi ruwan wurin a kwalba a kai ɗakin gwaji, a gane ko ayu ya ratsa ta nan daga ɗan abin da jikinsa ya zubar. Na karanta sanarwar sau huɗu a tsaye, rana tana dukana ban ji ba.

Sharaɗi ɗaya ne mai wuya. Mai nema sai ya nuna wurin da yake da tabbacin akwai ayu, ya sa shi a taswira da lambobinsa.

Ni kuwa na san wuri.

A nan sai na koma baya kaɗan. Kakana Riskuwa, wanda tungarmu ta ci sunansa, maharbin ayu ne da ba a yi kamarsa ba. Wata shekara ya soki uwa, ɗanta ya biyo jirginsa har bakin gaɓa yana kuka. Daga ranar ya rataye mashinsa. Akwai wani gurbi mai zurfi da ya sani, a bayan wani tsibiri, cikin burugu, wato ciyawar ruwa, mai kauri da ba ka ganin mashigarsa sai ka san ta, inda suke taruwa su haihu in ruwa ya fara ja. Ya mayar da wurin amana. Mutum ɗaya ake nuna wa a kowane zamani, kuma a cikin jirgi ake faɗa, a kan ruwa. Ba a ambatonsa a kan tudu, ko da a cikin ɗaki ne, ko da raɗa. Shi ya nuna wa Baba. Baba ya jira yayana Shamsu, Shamsu ya bar jirgi ya tafi Ikko yana kabu-kabu. Shekarar da na dawo, wata safiya Baba ya ce in ɗauko filafilin tuƙa jirgi in biyo shi.

Ba zan manta ba. Muka kutsa cikin burugu har na zaci mun ɓata, sai ga ruwa ya buɗe, shiru, baƙi wuluk. Muka zauna kusan awa. Can sai hanci ya ɓullo, ya ja numfashi, ya koma. Wani ƙarami ya ɓullo a gefensa. Na toshe bakina da gyale ina hawaye.

"Kin gani?" in ji Baba. "Duk tunga suna maki dariyar karatunki, ni ban yi ba. Wanga wuri naki na yanzu. Amma in ƙahwarki ta taka tudu, ki manta da shi."

Na ce na ji, na kuma yi alkawari.

To ga ni ga fom. Kwana shida ina jujjuya abin a raina. Sau biyu na tarar da Baba yana ɗinkin tarun kamun kifi a inuwar zaure, na durƙusa zan tambaye shi, sai in ce ruwa na kawo masa. Na san amsar da zai ba ni, shi ya sa ban tambaya ba. Gaskiyar ke nan, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Na lallashi kaina da cewa malaman jami'a ne kawai za su gani, mutanen da burinsu kare ayu, kuma ai takarda ba baki ba ce. Ranar da muka je da Baba wayata tana ƙugu, ta riƙe lambobin wurin. Ranar kasuwar Bagudo na sa doguwar rigata ruwan toka da farin hijabi, na hau mota na tafi shagon Zayyanu.

Shi ya buga mini komai. Da muka zo kan taswira ya ƙara mata girma, ya sa jan ɗigo a daidai gurbin, har da 'yar kibiya mai nuna mashiga.

"Nan ne ina?" ya tambaya.

"Wurin aikina ne. Kada ka nuna wa kowa."

"Wa zan nuna wa, Dakta? Masu zuwa hoton fasfo?"

Muka yi dariya. Ban gaya masa amana ce ba, ban gaya masa komai game da kakana ba, don faɗin ma ai karya alkawari ne. Kun ji wautar, na ɓoye labarin na ba da wurin. Muka tura fom ga shugabar binciken, wata Dakta Firdausi, na dawo gida da ledar lemu da ya saya wa Inna.

A gida kuwa wutar da ke ci daban ce. Inna ta gaji da ni, kuma ban ga laifinta ba.

"Mashkura, wanga yaro Zayyanu shekara guda shina zarya. Mi kike jira? Ko sai kin ga hurhura a kanki?"

"Inna, sakamako nake jira."

"Sakamakon mi kuma? Wanda kinka kawo na hwarko, ga shi can cikin akwati tare da zannuwana."

Ba wanda ya tilasta mini, kada ku ɗauka haka. Ina son auren. Tsorona kawai kada a ɗaura, karatun ya zo, a ce matar aure ba ta yawon gulbi. Zayyanu ya rantse mini shi ba zai hana ba. Matsalar tana wajen baffansa, Alhaji Bunyaminu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Babban ɗan kasuwar busasshen kifi ne a Dole Kaina, kuma da ya ji an ambaci Benin sai ya kafe, wai ba zai nemo wa ɗansa matar da za ta tsallaka iyaka ta bar shi da tukunya ba. Mako uku ana wannan ja-in-ja. Kwatsam wata Laraba ina kan tudu saƙo ya shigo.

"Albishirinki. Baffa ya sauko. Asabar suna zuwa gaisuwa."

"Da gaske? Me ka ce masa?"

"Sirri ne. Ke dai ki shirya zama matar mai shago."

Na tura masa hoton dariya har uku. Ban sake tambaya ba.

Asabar Inna ta tashe ni da shara. Aka yayyafa wa tsakar gida ruwa, aka shimfiɗa sabbin tabarmi a zaure, aka yi tuwon shinkafa da miyar kifi rabin tukunya man ja. Ta ciro mini atamfa kore mai zanen ganye da ta ɓoye tun bara, ta ɗaura mini ɗankwali da kanta tana faɗa wai kaina kamar na maza ba ya riƙe ɗauri. Bayan azahar suka iso, maza huɗu da ƙwaryar goro da katan ɗin alawa. Ka'ida in shige ɗaki in rufe. Ni kuwa na zagaya ɗakin ajiyar taru, wanda zana ce kawai ta raba shi da zaure, na tsuguna cikin ƙarnin kifi da sabuwar atamfata na kasa kunne.

An yi gaisuwa, an yi addu'a, an nema, Baba ya ce ya ba su. Zuciyata ta yi sanyi, har na yunƙura zan tashi. Sai na ji muryar Alhaji Bunyaminu, mai kauri, irin ta wanda ya saba ciniki da ƙarfi.

"Malam Usuman, ni da hwarko ban yarda ba, gaskiya ɗaya ta. An ce mani ƙasar waje za ta. Sai yaron ga ya kawo mani takarda, ya ce Baffa duba, aikin nata ma a gulbinmu na, bayan gidansu. To nan hankalina ya kwanta."

Na ji ƙarar takarda ana warware ta. Na leƙa ta ramin zana. Taswirata ce, shimfiɗe a kan tabarma, a kan tudu, a gaban maza biyar, jan ɗigon nan yana tsakiya.

"Ashe bayan tsibirin ga sunka koma," in ji Alhaji, yana dangwala yatsa a kai. "Shekara nawa mutanena na nema. Kai Malam, kun iya ɓoyo." Ya yi dariya, sauran suka taya shi.

Sai a lokacin na tuna abin da kowa ya sani a Dole Kaina, ni ma na sani na manta: a ƙarƙashin teburin kifinsa akwai kwalaben man ayu.

Baba bai taɓa takardar ba. Ya dube ta, ya daɗe, sannan ya ce, "Allah shi sa alheri. Ku ci abinci." Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ni kuwa na zauna daɓas a kan taru.

Da suka tafi na haye tudu da gudu, atamfa tana harɗe ni. Zayyanu ya ɗauka da murna.

"Amarya, an ba ni ke."

"Ka nuna masa taswirar."

"Ita ce ta sauko da shi ai. Na ga ba yadda zan yi ya yarda ba za ki yi nisa ba..."

"Na ce kada ka nuna wa kowa."

"Baffa ne fa, Mashkura. Shi ya raine ni. Shi ma kowa ne?"

Na yi masa bayani a tsaye, duka, har kakana, tunda abin da ake ɓoyewa ya riga ya fita. Da na gama ya ce, "Wallahi ban sani ba. Don in same ki na yi." Na san gaskiya ya faɗa, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai, don ban samu wanda zan ɗora wa laifin ba sai kaina. Ya ce zai je ya roƙi baffansa. Na ce ya roƙi sauran ukun ma, da duk wanda za su ba labari a kasuwa gobe.

A gida Inna tana rabon goro da alawa gida-gida, mata suna shigowa suna guɗa suna tsokanata. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yammacin nan ba, ina zaune a tsakiyarsu ana ja mini kumatu. Baba ya shigo ya wuce ta gabana ya yi alwala. Bai dube ni ba, bai kuma yi faɗa ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Washegari da gari ya waye sosai ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ɗauko hilahili."

A bakin gaɓa na ga ya aro jirgin inji na maƙwabcinmu, ya loda tsofaffin garewani biyu da guntayen ƙarafa. Ban tambaya ba. Muka tafi har muka kutsa burugu. Ruwa ya ja sosai, mashigar saura kamar kamu shida ta rufe. Da muka shiga gurbin ya kashe inji. Shiru ya dawo kamar wancan karon. Hanci ya ɓullo, ya ja numfashi. Na ƙirga huɗu, ɗaya ɗan ƙarami ne da bai fi wata biyu ba.

Yanzu muna kan ruwa, don haka ya yi magana.

"Kahin Laraba za su zo da mashi. In mashiga ta ruhe, ko ɗaya ba ya hita." Ya miƙo mini ƙarfe da garwa. "Buga."

"Baba, don Allah ka bari in kira malamar nan, ko hukuma..."

"Su zo yaushe? Buga, Mashkura. Ke kinka buɗe, ke za ki kore su."

Ayu ba ya son ƙara, wannan ko a aji an koya mana. Wurin da aka firgita shi da ɗansa yakan daɗe bai koma ba, wani lokaci har abada. Baba ya tayar da inji ya riƙa zagaya gurbin yana dukan cikin jirgi da gora, ni ina dukan garwa. Na buga har tafin hannuna ya fashe. Ina bugawa ina kuka, ƙarar ta hana ni jin kukan nawa. Tsuntsaye suka watse daga burugu. Na ga ruwa yana tudu yana tafiya wajen mashiga, uwar a gaba, ƙaramin yana manne da ita. Wurin da kakana ya tsare, Baba ya tsare shekara arba'in, ni na kore su daga cikinsa da garwar kananzir a safiya ɗaya.

Sai da rana ta take muka bari. Baba ya kashe inji muka jira awa guda, ba hancin da ya sake ɓullowa.

A hanyar dawowa, daidai inda gulbi ya yi kwana, wayata ta yi ƙara a ƙugu. Layin gida ya kama. Saƙon Dakta Firdausi ne.

"Barka, Mashkura. Kina cikin ukun da aka ɗauka. Ba zan ɓoye miki ba, wurin da kika nuna ne ya rinjayi kwamiti, ba wanda ya kawo irinsa. Nan da mako uku za mu zo da na'urori mu fara naɗa. Ki tabbatar mini kafin Juma'a cewa suna nan."

Na karanta, na sake karantawa. Shekara biyu ina hawa tudu don wannan saƙon. Na karanta wa Baba da ƙarfi. Yana riƙe da inji, idonsa a kan ruwa.

"Madalla," ya ce.

"Baba, ina za su koma yanzu?"

Ya rage gudun jirgin. A karo na farko tun jiya ya dube ni, kuma ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai.

"Na san inda sunka tahi. Wuri biyu kakanki ya nuna mani. Da niyyata in kai ki na biyun bana, in ruwa ya ƙara ja."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kada ki roƙe ni, ɗiyata, don kada in hana ki abu da bakina. Sirrin wuri na biyun ga, da shi za a ruhe ni."

Ya ƙara wa inji wuta. Daga nesa na hango mata a bakin gaɓa suna wanki, suna ɗaga mini hannu suna kiran amarya.